Tawadar Malam a Cikin Yaya Dawuda

Tambuwal, 9 ga Afrilu, 1962

Zuwa ga ƙanwata Zahara'u a Kaduna,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan mun gode Allah. Na fita takaba sati uku ke nan, amma har yau in ladan ya kira la'asar sai in ɗebi ruwa a buta in aje ƙofar zaure, sannan in tuna Malam ba ya nan. Allah ya gafarta masa.

Kada ki yi fushi da jinkirin amsa, wannan ita ce takarda ta biyu. Yaya Dawuda ne ya iso daga Kebbe bisa jaki, idanunsa kamar an shafa gangamau, ko fura ba ya iya haɗiyewa. Ciwon shawara ne. Na tsorata ƙwarai, don in ya tafi, ba mu da sauran babba. Malamin disfensare ya ba shi ƙwayoyi, ya hana shi mai da nama, ya ce ya kwanta. Yaya ya ce shi ba don ƙwaya ya zo ba, maɗin ɗinyar surukinsa Malam yake so, wanda yakan dafa da kaka yana ba masu irin wannan ciwo.

Na shiga ɗakin Malam, karo na farko tun rasuwarsa. Hawaye suka cika mini ido. Gora biyu na rataye, duka da baƙin abu ciki, sai na sauko da na kusa. Kwana fuɗu ina ba Yaya ludayi guda safe da yamma. Ya ce bauri gare shi, na ce a ina ya taɓa jin magani da daɗi. Ya ce harshensa ya zama kamar gindin tukunya, matarsa Asiya ta ce ai ciwon ne ke fita, ya rufe baki ya sha.

Ran nan na ɗauko ɗaya goran, na fere alƙalami na rubuta miki cewa ki zo, Yaya ba lafiya. Na ji tawadar na danƙo, na ce daɗewa ce. Na shanya takardar bisa turmi na tafi wanke-wanke. Da na dawo, tururuwa sun rufe ta baƙi ƙirin, sun cinye har sunanki. Na dangwala na lasa. Zahara'u, zaƙi kamar zuma! Ashe da maganin na yi rubutu, tawadar kuwa tana cikin Yaya. Ita ma Malam da ganyen ɗinya da ƙaro yake dafa ta.

Na je na durƙusa na gaya masa, ina jiran faɗa. Ya miƙo harshe ya duba a madubin Asiya, sannan ya ce, “Hindatu, shekara talatin Malam na fama in yi karatu ban yi ba. Ga shi ya ɗura mini da ludayi.” Na yi dariya har na fashe da kuka, ita ce dariyata ta farko tun da aka ɗauki Malam.

Yanzu idanunsa sun fara washewa, jiya ya cinye tuwo har yana rigima a sa masa man shanu. Ko ƙwayar ce, ko maɗin da muka koma ba shi, Allah ne masani. Shi dai ya nace tawadar ce, yana neman sauran. Na ce ta ƙare.

Ban faɗi gaskiya ba. Akwai ɗan guntu a gindin goran, na zuba ruwa na girgiza, da shi na rubuto wannan, shi ya sa kika ga ba ta yi baƙi ba. Ita ce ta ƙarshe da hannun Malam ya dafa. Ki adana takardar cikin adaka, kuma in Yaya ya zo Kaduna kada ki nuna masa, wanke ta zai yi ya shanye.

Ki gaishe da maigidanki Ɗan'iya, da Atu, da Ni'imatu. Asiya na gaishe ku.

Ni ce yayarki,
Hindatu