Inna, Takwararki Ta Buɗe Kwando

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ƙara na kawo miki, kuma wadda nake ƙara takwararki ce, Ummi. Na san ba za ki amsa ba, amma babu mai gane damuwar nan kamarki, tunda ke kika dasa mini ita.

Kin tuna yadda kike dawowa daga bakin ruwa a Wara, kwando cike da kifi, kin lulluɓe shi da tsohon zane? Wuyanki na rawa don nauyi, amma duk wadda ta tambaya amsa ɗaya ce: "Yau ba mu samu komi ba." In mun shiga gida kin hura wutar banda, sai ki ja kunnena: "Abin da kika so, kak ki hwaɗa ma kowa." A haka na girma da tsoron kambun baka. Ko cikin Ummi, sai da ya fito fili maƙwabta suka sani.

To Inna, an kawo wa makarantar su Ummi sabon malami mai ba ɗalibai shawara kan aikin da za su yi gaba. Ya ce kowa ya tsara burinsa: me yake so ya zama, ta wace hanya, da me zai fara tun yanzu. Har nan ban ga laifi ba, ni ma malamar firamare ce. Sai kuma ya sa su tashi ɗaya bayan ɗaya a taron safe, kowa ya faɗi nasa. Takwararki ta miƙe gaban makaranta guda ta ce injin jirgin ruwa za ta karanta, har ta zama injiniya.

Maganar ta riga Ummi isowa gida. Lami maƙwabciyarmu, wadda sai ta ga dama take amsa gaisuwata, yanzu kullum tana leƙo kai ta katanga tana tambayar ina injiniyarmu, da wata dariya da ban yarda da ita ba. A makon nan Ummi ta yi ciwon kai. Na ce shi ke nan, an fara.

Na je na sami malamin. Ya ba ni kujera, ya yi mini bayani cikin ladabi cewa burin da ba a faɗa ba, babu mai iya taimakonsa. Daɗin bakin nasa ya ƙara mini shakka. Baƙo ne, jiya jiya ya zo, me yake nema da abin da ke cikin zuciyar 'ya'yanmu?

Ina cikin wannan sai ga Bawa a ƙofar gida. Ba ki san shi ba, Inna, amma ya shiga labarinki. Ranar da aka aiko cewa jikinki ya tsananta a gidan Yaya, can tsallake, jirginsa na shiga da Ummi. A tsakiyar ruwa injin ya mutu. Ya ja igiyar tayar da shi har tafin hannunsa ya fashe, injin ya ƙi. Tun hantsi muke yawo a kan ruwa har azahar ta wuce. Da muka isa, masu kai ki makwanci muka tarar suna dawowa. Tun ranar ban sake gaishe shi ba.

Yanzu gyaran inji yake yi a wata rumfa a bakin ruwa. Ya gaya wa baban Ummi ya ji abin da yarinyar ta faɗa, in mun yarda ta riƙa zuwa ranar Asabar ya koya mata, matarsa na nan gefe tana suyar ƙosai. Baban Ummi ya ce wuƙa da nama suna hannuna.

Babu abin da ban saƙa ba. Ko 'yar aiki yake nema a banza. Ko yana da ɗa ne yake masa kamu da wuri. Ko kuwa yafiyata yake son saya da sufana da fulogi, kayan gyaran injinsa. Na yanke cewa ba za ta je ba, in ya so ta canza burin, ta kuma koyi rufe baki.

Amma wani abu ya riƙa yi mini tsaye a rai. Kin san me na so zama? Ba ki sani ba, domin ke ma ban gaya miki ba. Aikin jinya na so. Shekarar da na gama sakandare Kawu Sale ya samo gurbi a makarantar jinya, ya kai 'yar ƙanwar matarsa. Daga baya da na yi suɓutar baki, ya dafe kai ya ce, "Da kin hwaɗi, ai ke zan kai." Ba laifinki nake gani ba, Inna. Tsare ni kika yi yadda kika iya. Sai dai kwandon nawa ya rufu har mai son taimako bai ga abin da ke ciki ba.

Na tsare Ummi tana fere kifi, na ce ta gaya mini wanda ya sa mata wannan a kai, malamin ko Bawa. Ta ce babu kowa. Wai tana tuna kukan da na yi a jirgin nan, ina kiran sunanki, ita kuma tana kallon injin ba ta iya komai ba. Wai ba ta so wata ta sake zama a tsakiyar ruwa ana binne uwarta. Lokacin fa haƙoranta na gaba ne suka fara zuba, na ɗauka ta manta.

Ranar Asabar da kaina na kai ta. Kada ki ɗauka na saki jiki. Benci na samu na zauna, idona a kan Bawa, a kan matarsa, a kan duk mai wucewa. Shi bai iya haɗa ido da ni ba. Amma da ya miƙa wa Ummi sufana na ga tabon igiyar nan a tafin hannunsa, sai na kau da kai.

A hanyar gida Lami ta tare mu tana tambayar daga ina. Amsarki ta hau harshena, saura kaɗan in ce daga gidan goggonta. Na dubi hannun Ummi, baƙin mai har wuyan hannu. Na ce, "Inji take koyo." Muna shiga gida na tofe ta da addu'a daga kai har ƙafa.

Ki yafe mini, Innata, na saɓa miki. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya tsare takwararki daga mugun ido da mugun baki, ya sa duk injin da ta taɓa ya kai mutane gaɓa a kan lokaci.

Ɗiyarki mai kewarki,
Asabe