Rubutun da Baba Ya Sha

Bebeji, 9 ga Oktoba, 1956

Zuwa ga Yaya Alkasim,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, ya ƙara maka haƙuri da sanyin Jos. Mu nan sai godiya. Gero ya shigo gida, dawa ta yi kai, Zuwaira matar ƙanenmu Sabi'u ta sauka lafiya, an sami mace.

Maganar Sabi'un ce ta sa na rubuto. Ka san yana koyarwa a elementare ta Kiru, yana kuma shirin jarrabawar shiga kwalejin horon malamai. Duk Turancin bai dame shi ba sai wasu ƙananan kalmomi biyu, "a" da "the". Ya ce idan kana nufin doki ɗaya da ka sani, ba wuya. Amma idan kana maganar dawakin duniya baki ɗaya, Bature yakan ce "a horse", yakan ce "the horse", wani lokaci ya yar da duka biyun. Na ce masa mutanen da suka kasa tsayawa a kan magana ɗaya bai kamata su jarraba kowa ba. Bai yi dariya ba.

Da takardunsa suka ƙare, sai ya ɗauko tsohon allonsa a zaure. Ya rubuta jimla da tawada, ya yi ta biyawa har ta zauna, ya wanke, ya sake wata, yadda muka yi haddar Ƙur'ani muna yara. Ana cikin haka tari ya kama Baba, Malam Idi ya yi alkawarin aiko masa da rubutu. Da safe Inna ta ga allo jingine a zaure cike da tawada. Ka san idonta yanzu, kuma ita rubutu duk rubutu ne. Ta yi bisimilla ta wanke, ta kai wa Baba, ya shanye.

Tarin kuwa ya lafa. Ranar Juma'a Baba ya tare Malam Idi a ƙofar masallaci, gaban jama'a, yana yi masa godiya, wai bai taɓa shan rubutu mai kaifi irin wannan ba. Malam ya ce ai shi bai ma jiƙa tawada ba tukuna. Kafin la'asar duk unguwa ta ji abin da Baba ya sha.

Baba bai yi faɗa ba. Ya karɓe allon da littafin Turancin, ya ce Turancin da ya shiga cikinsa ya ishi gidan nan, ba mai zuwa wata jarrabawa. Sabi'u ya ce to. Na tausaya masa ƙwarai, domin shekarunsa sun kai iyakar da ake ɗauka, in ya rasa bana ya rasa ke nan.

Yaya, maganarka kaɗai Baba yake ji. Ka rubuto masa kafin ƙarshen wata, ka nuna masa kuskure ne, ba raini ba. Amma akwai abin da za ka kiyaye. Jiya Baba ya kira ni gefe ya tambaye ni ma'anar abin da aka wanke daga allon, na ce karatuna bai kai nan ba. Na dai tambayi Sabi'u. Jimlar da yake biyawa ran nan cewa take yi jaki ba ya jin magana sai da sanda. Ko Baba ya tambaye ka, kai ma karatunka bai kai nan ba.

Inna tana gaishe ka, har yanzu tana cewa ai dai tarin ya tafi. Ka gaishe da Yaya Furera da Saudatu da su Hamman. Sabi'u bai ba da saƙo ba, don bai san na rubuto ba.

Ni ne ƙanenka,
Maikano