Bindigar Rudaina Ba Takalmin Makaranta Ba Ce

Iskandariya,
ranar Juma'a da yamma.

Zuwa ga Yayana abin alfaharina, Yaya Mu'utaz,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya sanyin Jamus, ya aikin jiragen ruwa? Allah ya tsare mana kai a ruwa da tudu, ya sa albarka a cikin neman. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar kakarmu Teta ta yi sauƙi har tana hawa bene da kanta, sai dai duk ranar da ta soya kifi sai ta yi ta mita wai Turawa sun mayar mata da jika ɗan cin dankali. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Ka san halina, da na kara waya a kunne sai maganar ta gudu ta bar ni, gara ni da alƙalami.

Labarin autarmu Rudaina ne ya sa na zauna rubutu. Tun da ka tafi, da bindigarka da ka bari a kulob take koyon harbin farantan yumɓu wajen Kyaftin Wagdi. Da fari abin ya yi kyau, daga baya sai ta koma kuskure, faranti ya tashi ya wuce abinsa ya sauka lafiya lau a ciyawa. Kyaftin ya lura kafin ta ja kunama sai ta runtse ido. Ka san bakinsa. A gaban kowa ya tambaye ta wai harbi ta zo yi ko addu'a. Daga nan ya gaya wa Baba cewa a ƙarshen wata zai zaɓi yaran da za su shiga ƙungiyar ƙanana, kuma ba zai ɗauki mai harbi ido rufe ba ko da 'yar wa ce. Ya ce a nema mata bindiga daidai jikinta.

Abin da ba wanda ya sani sai ni shi ne, bindigarka ta yi mata tsawo da nauyi, duk harbi sai ta make ta. Kafaɗarta ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi, har ba ta iya ɗaga hannu ta taje kai, ni ke taje mata kowace safiya. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba, domin ta san Mama dama neman dalili take ta raba ta da kulob, kuma ba ta so ka ji an ce ta kasa riƙe abin da ka bar mata.

Ranar Asabar muka ɗunguma shagon bindigogi na wajen unguwar Manshiyya, har da Mama. Mai shagon ya fito da wata mai lamba sha biyu, doguwa, itacenta na sheƙi, an zana mata furanni da agwagi a ƙarfe. Wallahi Yaya ni ma sai da zuciyata ta buga. Irin kyawawan samarin nan ne na cikin littattafaina, waɗanda tun shafin farko na san za su sa ni kuka amma ba na iya ɗauke ido. Baba ya ɗaga ta ya ce ita ce. Na tuna masa a hankali cewa Kyaftin ya ce ƙarama, ya ce ai ba Kyaftin ne zai sake sayen wata ba in yarinya ta yi tsawo. Mama kuwa ta goyi bayansa da maganar da ka sani tun muna yara, wai a sayi babba, za ta girma ta same ta. Rudaina ta ɗora ta a kafaɗa, na ga bakin bindigar yana rinjayarta har tana gantsarewa baya, amma da Baba ya tambaye ta sai ta ce ta yi mata daidai.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ko mai kanti ba na iya tambaya canji, sai ga ni a gaban maza cike da shago ina cewa a duba kafaɗar yarinyar nan kafin a sayi komai. Mama ta ja Rudaina bayan labule ta duba, ta fito idonta jawur, ta ɗauki jakarta ta ce an gama, ba babba ba ƙarama, 'yarta ba jaki ba ce da za a riƙa jibga, kowa ya wuce mota. Rudaina ta dube ni, kallon wadda aka ci amanarta. Na ga dai na fasa ƙwai, saura in san yadda zan soya shi. Sai na ce wa Mama, shekarar da aka saya mini takalmin makaranta mai girma ya sale mini dunduniya, ai ba makarantar aka cire ni ba, takalmin aka canza. Mai shagon ya fashe da dariya ya ce wa Baba, Alhaji wannan lauya ka haifa kake ɓoyewa a gida. Mama ta harare ni, ta harari Baba, sannan ta ja kujera ta zauna ta ce to a fito da su duka, ita da kanta za ta gani.

Haka aka yi ta gwadawa kamar ana gwajin rigar amarya. Wannan gindinta ya yi tsawo, yatsa ba ya kai kunama sai da miƙa. Waccan ta yi sakayau, mai shagon ya ce irin su sun fi shuri. A ƙarshe aka zaro wata mai lamba ashirin, wadda ta fi mai sha biyun ƙanƙanta, daga can ƙasa, ta hannu ce, ba fure ba agwagwa, har da ƙarzane a gefe. Rudaina na ɗagawa ta zauna mata a kafaɗa ɗas, kuncinta ya kwanta a kan itacen, ta tsaya cak ba gantsarewa. Abin da ya gama sace zuciyar Mama shi ne da aka nuna mata ana iya ƙara wa gindin tsawo kaɗan-kaɗan in yarinya ta girma. Ta ce ashe kalmasa gare ta kamar siket, me ya sa ba a faɗa tun ɗazu ba. Aka yi takardu da sunan Baba, aka kai ta kulob. Rudaina ta yi kwanaki ba ta yi mini magana, in na shigo ɗaki sai ta ce ga 'yar rahoto nan. Na haƙura, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Jiya aka yi zaɓen, ga iska daga teku tana kaɗa farantan yadda ta ga dama. Na farko ya kuɓuce mata, na ji Mama ta damƙe mini hannu. Na biyu na tashi sai ji muka yi tas! Daga nan fa sai Allah ya buɗe, tana kira ana sakin faranti tana fasawa. Wasu sun tsere, amma ko sau ɗaya ba ta rufe ido ba. Baba ya manta da girmansa yana ta tsalle, Mama kuma, wadda ta ce an gama da harbi, ita ta rangaɗa guɗar da ta sa har masu shan shayi suka miƙe. Kyaftin kuwa sai ya jefa wa Rudaina rigar ƙungiya ya ce, to malama mai addu'a, an amsa. Ta rugo da gudu ta wuce kowa ta faɗo jikina, tana haki ta ce, Yaya Nurhan, ashe in ya fashe wata ƙura yake yi mai ruwan lemo a sama? Duk watannin nan, har waɗanda ta taɓa samu, ba ta taɓa ganin fashewar ko ɗaya ba.

Don Allah ka kira ta ka taya ta murna, tana tsoron kada ka ji haushi ta bar taka. Teta, Baba da Mama suna gaishe ka. Ka gaida Kawu Sabri da Anti Mirfat, ka shafa mini kan Ziyad.

Wassalam, taka ƙanwa mai kewarka,
Nurhan