Littafin Ekegusii da Aka Ƙone

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya maigida da yara, yaya zaman Ikko? Mu nan Gaya lafiya lau.

Wata nas 'yar Kenya da ta zo bayan yaƙi tana koya mini yarensu, Ekegusii. A yaren nan, kalma guda takan ƙunshi mai yi, da lokacin yi, da wanda aka yi wa, labari sukutum kamar waɗanda nake karantawa! Surukata ta ga littafin da nake rubuta kalmomin a ciki, ta ce surkulle nake yi wa ɗanta, ta kai wa wani malami a ƙauyen Balan ya ƙone shi. Na durƙusa na ce, "Inna, ai na haddace."

Ba zan daina ba. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa, ki aiko mini da sabon littafi mai kauri.

Ƙanwarki,
Rabi