Fis ne kawai ya ƙone

Yaya Ijeoma,

Na dawo kina shago, ni kuma na wuce coci gwajin waƙa. Ki kwantar da hankalinki, amfilifayar da ke ƙara wa jitar bes ɗina sauti tana nan da ranta. Jiya da kika jona ta a bango ta yi hayaƙi. Jelili mai gyara a Dilimi ya duba, fis ne kawai ya ƙone. Tokumbo ce, 'yar gwanjo daga ƙasar waje, wutarmu ta fi ƙarfinta, sai ta bi ta baƙar taransifomar nan da kika tokare ƙofar kicin da ita. Na haɗa, na kaɗa, har tagogi suka amsa!

Don Allah ki bar taransifomar inda take. Ƙofar kuma, na samo miki dutse.

Obum