Addu'ar da Na Kasa Ƙarasawa

Fulatan, 9 ga Satumba

Yaya Yelwa,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jikin Inna, yaya yara da mutanen Tudun Kaya? Mu nan lafiya.

Kin ce in gaya miki gaskiyar halin da nake ciki. Yau wata biyu da binne maigidana Ɗanmaliki, kuma ba na jin komai. Ina cin tuwo, ina zuwa makaranta, ina duba aikin yara da jan biro. Matan zumuntar coci sun zo sau uku da waƙa da kiɗan tulu, na riƙa motsa baki don kada ransu ya ɓaci.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne na kasa addu'a. Ni da nake tsare matasan coci kowace Asabar, ina ce musu wanda ya rufe baki a gaban Allah rago ne! In na durƙusa yanzu, sai in tarar ina ƙirga azarar ɗaki. Zan ce wa Fasto ya nema musu wani malami. Ba zan koyar da abin da ba ni da shi ba.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki, Rahila

Fulatan, 14 ga Oktoba

Yaya Yelwa,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Na kai wa Fasto makullin ajin matasa. Ya sa a aljihu, ya ce ba zai ba kowa ba sai bayan godiyar kaka.

Kin tuna Adawiyya, maƙwabciyarmu, matar liman? Kullum da rana takan shigo da kwaryar gyaɗa, ta gaishe ni, ta zauna a gefen tabarma tana ɓara. Ba ta ce min in yi haƙuri, ba ta tambayata komai. In an kira la'asar ta tafi ta yi salla ta dawo. Da farko shirun ya takura ni, kin san bakina. Yanzu kuwa in ta makara sai in riƙa duban ƙofa.

Allah ya bar mu tare.
Rahila

Fulatan, 24 ga Nuwamba

Yayata,

Ina fata kun gama girbi lafiya. A gaishe min da Inna ƙwarai.

Ran Lahadin godiyar kaka, magatakardan coci ya ɗauko tsarin sujadar bara bai gyara ba, sai kawai na ji ya kira sunana in yi addu'ar rufewa. Kunya ta hana ni ƙi. Na tsaya tsakanin buhunan dawa da damman gero, na ce ya Uba, shi ke nan. Babu kalma ta gaba.

Kowa ya sunkuya yana jirana. Ina jin akuyar da wani ya kawo wa coci baiko tana taunar igiya a bakin ƙofa, ina jin kwanon rufi yana ƙara saboda rana. Ban san tsawon lokacin ba. A cikin wannan shirun ne, Yaya, na ji ba ni kaɗai ba ce a tsaye. Ba murna ba ce, ba sauƙi ba ne. Kamar dai wani ya daɗe yana kusa da ni, ba ya neman in ce masa komai.

Can sai Baba Halliru, dattijon nan mai sanda, ya ce amin da ƙarfi, ikilisiya duka ta amsa. A waje ya tsokane ni, wai tunda ya san ni bai taɓa jin na yi addu'ar da ta ƙare kafin ƙafarsa ta sage ba sai ranar.

Har yanzu abinci ba ya min ɗanɗano. Amma ran Asabar na karɓi makullin. Na gaya wa matasan cewa na koya musu kuskure, kuma kalmomina ba su dawo ba tukuna. Muka zauna a benci, mu goma sha bakwai, babu mai magana. Da aka jima wata yarinya, Ummi, ta raɗa min wai yaushe za mu fara addu'ar. Na ce mata ai mun yi nisa.

Alherin Ubangiji ya zauna tare da ku.
Taki har kullum, Rahila