Kukan Injin Braam

Rooidam, 4 ga Maris, 1996

Zuwa ga 'yata Ronel,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mijinki da yara. Yaya tarin jikata Annelie, ya sake ta? Ni lafiya lau nake, in ban da abin da kika sani.

Takardarki ta iso, sai da na ci rabin yini kafin na gama karanta ta. Kin ce in ajiye tuta in dawo wurinki. Ba zan ajiye ba, Ronel. Shekara ashirin da shida nake hawa dakalin filin tseren motocin nan duk yammacin Asabar, ina ɗaga wa direbobi tuta. Kamfanin haƙar zinariya ya sallame ni, mahaifiyarki ta rasu, in kika raba ni da tuta me ya rage? In zauna a Cape Town ina fuskantar tekun da ba na gani?

Gaskiya ne, kwanar can ta nesa ta ɓace mini, jan hazo kawai nake gani, kuma likita ya ce idon ba zai dawo ba. Amma kunnena garau yake. Kin san motar Kawu Braam, mai salansar nan da ke kuka kamar tsohon jaki. Shekara biyu ke nan kullum shi ne na ƙarshe. To idan aka yi karo na ɗaga tutar rawaya, motoci suka bi a hankali, sai in kasa kunne. Da na ji kukan injinsa ya wuce gabana na san ba sauran mota a baya, sai in ɗaga kore su taka. Ban taɓa kuskure ba, kuma ba wanda ya sani, har shi.

Shekaranjiya ma an cika. Tankar ruwa ta jiƙa fili, Hettie matar Braam na ta suyar fanke mai kirfa a bakin shinge. Shi kuma ya leƙo ta tagar motarsa ya ce mini, "Kai makahon tsoho, riƙe min tutar gamawa, yau ni zan ci!" Na ce, "Sai dai in sauran duk sun tafi coci." Haka yake kirana tun ina gani tar, amma ranar sai da gabana ya faɗi.

Ki daina damuwa. Ki gaishe min da kowa.

Mahaifinki,
Wessel

Rooidam, 18 ga Maris, 1996

'Yata Ronel,

Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Kawu Braam yana asibiti. Ƙashin bayansa ya karye, kuma ni na karya shi.

Ranar Asabar kafin a fara, sau biyu ya zo gindin dakalina ya tsaya. Na farko ya nemi ashana, na biyu kuwa juyawa kawai ya yi ya tafi. Ban kawo komai a raina ba. A zagaye na huɗu motoci biyu suka gogi juna, ƙura ta turnuƙe, na ɗaga rawaya. Aka janye su. Na kasa kunne kamar kullum, na ji jakin nan ya wuce, na ɗaga kore.

Ronel, ba shi ba ne. Ashe a makon ya sa sabon inji, ya bai wa Tertius, wani sabon direba, tsohon da salansarsa. Tertius na ji. Braam yana can kwanar nesa, sabon injin ya mutu masa a tsakiyar hanya. Mutane suka yi ta ihu, na zaci murna ce, ina ta kaɗa tuta ina washe baki. Motoci uku ne suka same shi a guje. Muryar Hettie ce ta fara sanar da ni, har yanzu tana kunnena.

'Yan ƙungiyar tseren sun ce ƙura ce, ba mai iya hangen komai a cikinta. Suna ta dafa kafaɗata suna ba ni haƙuri. Duk wanda ya dafa ni sai in ji kamar in nutse ƙasa. Direba ba ya ganin abin da ke bayan kwana, tutata ce idonsa, ni kuma na ara masa idon da ba ni da shi. Kin faɗa mini, na yi taurin kai.

Na kasa zuwa asibiti. Ki yi masa addu'a, ni tawa ta maƙale.

Mahaifinki,
Wessel

Rooidam, 13 ga Afrilu, 1996

'Yata Ronel,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na samu takardunki biyu. Ba zan ɓoye miki ba, maƙwabciya ce ta karanta mini su.

Na faɗa wa ƙungiya gaskiya, na miƙa musu tutocin. Ba wanda ya zage ni. Daga nan na wuce asibiti. Hettie na ganina ta ɗauki jakarta ta fita. Na tsaya a kansa na zayyana masa komai, ina jira ya tsine mini, don abin da na je nema ke nan.

Sai ya ce, "Zauna, makahon tsoho, kana tare min iska. Kana zaton don me na ƙi gyara salansar nan shekara biyu? Ni Braam, da na ci kofi bakwai, kawai sai na manta yadda ake tuƙi?"

Ya sani, Ronel. Tun ranar da ya ga na zuba shayi a gefen kofi ya gane. Da gangan yake zama a baya don in ji shi. Hettie ce ta matsa masa ya daina tsere bana, shi kuma ya so ya ci sau ɗaya kafin ya ajiye, shi ya sa ya sauya injin. Ya ce, "Na zo in gaya maka har sau biyu. Na rasa yadda zan faɗa ba ka gane na sani ba. Ka yafe min."

Shi yake neman gafarata, mutumin da ba zai ƙara taka ƙasa ba. Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa. Wannan kuwa ban san inda zan ajiye shi ba, ya fi ƙarfina.

Ki zo ki ɗauke ni duk ranar da kika samu dama. Ba ni da gardama yanzu, ko ina kika ajiye ni daidai ne.

Yau Asabar. Na rufe tagogi, amma iska na kawo ƙarar filin har ɗaki. Ɗazu na ji sun sassauta, na san an ɗaga rawaya. Sai ga jakin nan ya wuce, yana kukansa lafiya lau a motar Tertius. Kafin in ankara, hannuna ya riga ya ɗaga sama.

Ki gaida yara.

Mahaifinki,
Wessel